Manhajar da za ka ɗaga waya sama ta zana maka hadarin da ke tafe

Ɗan Koyo: Assalamu alaikum 'yan gida. Wata uku ke nan ina fama da wani aiki ni kaɗai, yau dai na ce bari in kawo shi nan kafin kaina ya fashe. Manhajar hasashen yanayi nake haɗawa, amma ba irin wadda aka saba ba, mai hoton rana da gajimare da lamba a gefe. So nake mutum ya fito waje ya ɗaga waya, kyamara ta buɗe, sai ya ga a kan ainihin sararin da yake kallo an zana masa hadarin da zai zo nan da awa uku, daga ina zai taso, ina iska za ta kora shi. Wato AR, fasahar nan ta ɗora zane a kan abin da kyamara ke gani, kamar yadda Pokémon Go ta yi a 2016. Da Unity nake aiki, manhajar nan ta haɗa wasannin bidiyo, da AR Foundation, ɓangarenta na AR, don ta yi a Android da iPhone duka. Bayanan yanayin kuma daga Open-Meteo nake jawowa, wata kafar intanet mai ba da hasashe, tunda ba ta neman mabuɗin shiga in dai ba kasuwanci za ka yi da ita ba. Matsalata biyu. Da na ɗaga wayar sama sai gajimaren da na zana ya kama yawo kamar wanda ya yi tatul, wani lokacin ma ya zame ya koma bayana. Ta biyu, minti 10 kacal wayar ta zama dutsen guga. A taimaka.

Mai Tsokana: Wa alaikumus salam. Wato ka zauna wata uku kana gina abin da zai gaya wa mutumin da ke kallon sama cewa akwai hadari a sama. Sannu da ƙoƙari.

Ɗan Koyo: Hadarin da bai iso ba tukuna nake nufi, Yaya. Ka ji ka.

Injiniya: Rabu da shi, ƙanena, tsokana ce sana'arsa. Yawon da gajimarenka ke yi ba laifin rubutunka ba ne, kayan aikin ne ka kai su inda ba a ƙera su dominsa ba. ARKit da Apple ta fitar a 2017 da ARCore da Google ta biyo da ita a 2018, wato kayan AR na wayoyin da AR Foundation ke zaune a kansu, hanya ɗaya suke bi su san inda waya take. Suna kama ɗige-ɗige a hoton kyamara, kusurwar tebur, tsagin bango, zanen shimfiɗa, su riƙa bin su daga hoto zuwa hoto, su haɗa da abin da na'urorin jin motsi na cikin wayar ke faɗa. To ka ɗaga ta ka nuna mata shuɗin sama fetal, me za ta kama? In kuwa akwai gajimare abin ya fi muni, don za ta kama gefensa ta ɗauka bango ne, alhali shi tafiya yake. Sai ta yanke hukuncin cewa kai ne ke tafiya.

Ka kuma tsaya ka yi ɗan lissafi. Hadarin da ke nesa da kai kilomita 20, in ka taka mita 5 gefe, matsawar da zai yi a idonka ba ta kai kashi ɗaya cikin hamsin na digiri ba. Ke nan ba ka da buƙatar sanin inda wayar ta matsa, inda ta juya kawai kake buƙata. Manhajojin kallon taurari sun daɗe suna yin wannan tun ba a haifi ARCore ba. Ka buɗe kyamara a matsayin bango kawai, ka karanta juyin wayar daga na'urorinta, ka yi zanenka a cikin ƙwarya guda da ka kife a kan mai kallo. Zafin ma zai ragu, tunda ka sallami mai aikin bin ɗige-ɗigen nan.

Ɗan Koyo: Innalillahi. Wato duk wahalar da na sha wajen saita ARCore ta banza ce?

Injiniya: Ba ta banza ba ce, ajiye ta, akwai inda za ta yi maka rana. Amma ka shirya, da ka bar kyamara ka koma dogaro da kamfas ɗin waya, ka gudu daga ruwa ne ka faɗa rijiya. Na'urar maganaɗisun da ke cikin waya abu kaɗan ke ruɗa ta: rodin da ke cikin siminti, jikin mota, lasifika, ƙofar ƙarfe. Kuskuren digiri 10 ba abin mamaki ba ne, kuma digiri 10 a nisan kilomita 30 ya haura kilomita 5 a ƙasa. Sannan arewar da kamfas ke nunawa ba ita ce arewar taswira ba, akwai tazara tsakaninsu da ke bambanta daga wuri zuwa wuri, tana kuma sauyawa a hankali da shekaru, shi ya sa ake sabunta jadawalinta na duniya duk shekara 5. A Android akwai GeomagneticField, ka ba shi wurinka da kwanan wata ya ba ka tazarar, ka haɗa ta da karatun kamfas. Kada ka tsallake wannan.

Malama Taswira: Ku yi haƙuri in katse ku. Injiniya ya gyara maka hannun da ke zane, ni kuma abin da ake zanawar ne ya tsaya min. Ɗan Koyo, gajimaren nan da kake ɗorawa a sama, daga wace lamba kake samo siffarsa?

Ɗan Koyo: Daga lambar yawan gajimare, Malama. In ta ce kashi 70 sai in cika kashi 70 na sama. Har ma tana raba min na ƙasa da na tsakiya da na can sama, sai in yi hawa uku. In akwai ruwa kuma in baƙanta shi, in sa ya taho daga inda iska ke kaɗawa.

Malama Taswira: To a nan gizo ke saƙar. Lambar ta ce maka kashi 70, ba ta ce maka a gabas ne ko a yamma ba. Kai ne ka zaɓa masa wuri, ka yi masa gefe, ka yi masa inuwa, har ya zama kamar gaske. Mai riƙe da wayar kuma bai san wanne ne ilimi wanne ne adonka ba.

Bari in ɗan buɗe maka inda lambar ta fito. Manyan injinan hasashe suna yanka duniya ne gida-gida kamar gidan dara, kowane gida lamba ɗaya ta zafi, ɗaya ta iska, ɗaya ta ruwa. GFS na hukumar NOAA ta Amurka yana lissafi a gidaje masu faɗin kusan kilomita 13, abin da aka fi saukewa daga gare shi kuma na rubu'in digiri ne, kusan kilomita 28 ke nan a kan layin ikwaita. Na cibiyar Turai, ECMWF, kusan kilomita 9. ICON na Jamus shi ma 13 a faɗin duniya. Shi kuwa hadarin tsawa guda ɗaya, sau da yawa faɗinsa bai fi 'yan kilomitoci zuwa goma ba, kuma yakan taso ya zubar ya mutu cikin awa guda. Wato ya fi gidan daran ƙanƙanta. Injin bai gan shi ba sam, ƙiyasi kawai yake yi cewa yanayin wannan gidan ya nuna za a iya samun irinsa. Akwai masu ƙananan gidaje da ke iya fitar da siffar hadari, kamar HRRR mai kilomita 3 a Amurka, da AROME na Faransa, da ICON-D2 na Jamus da maƙwabtanta, amma kowanne yankinsa kaɗai ya rufe, kuma ko su sukan samu cewa za a yi hadarin su kuskure wurinsa da lokacinsa.

Kyamararka tana nuna reshen bishiya da eriyar maƙwabci tar. Ka ɗora mata zane mai kaifin gefe kamar nata, wanda ka ciro daga lamba ɗaya ta fili mai faɗin kilomita 28. Idon mutum zai ba zanen irin yardar da ya ba bishiyar. Wannan shi ne abin da nake jin tsoro a aikinka, ba zafin waya ba.

Kawu: Allah ya yi miki albarka, 'yata. Ni tun ɗazu nake karantawa ina girgiza kai. Mu da muka girma ba waya, in iska ta juya ta yi sanyi, ka ji ƙamshin ƙasa, ka ga gindin hadari ya yi baƙi ƙirin, ka san ka tattara shanyarka. Yaro ya bar wannan wasan ya yi manhaja mai gaya wa mutum gobe za a yi ruwa ko ba za a yi ba, shi ke nan.

Anti Zane: Kawu, da girmanka, ban yarda ba. Lokacin da ka ji ƙamshin ƙasar nan minti nawa ya rage maka? Kuma wannan lambar da kake so a tsaya a kanta, mutum nawa ne suka san ma'anarta? A tambayi gidan nan kaf me ake nufi da kashi 30 na yiwuwar ruwa, a ga amsa nawa za a samu. Taswira ma haka, ka miƙa wa mutane da yawa taswirar hadari, sai ka ga suna juya wayar suna neman ina ne arewa. Amfanin AR ke nan, ta ɗauke wa mutum wannan juyin. Ta ce masa ga shi can, bayan wancan dogon ginin, nan ya nufo. Wannan ba wasa ba ne.

Mai Tsokana: Kashi 30 ai yana nufin kashi 30 na gari zai jiƙe, sauran su ci gaba da shanya.

Wani Ɗalibi: A'a, ni na ɗauka ruwan zai yi kashi 30 na yinin ne.

Malama Taswira: Kun ga Anti ta ci gari tun ba a je ko'ina ba. A ma'anar da hukumar yanayi ta Amurka ke amfani da ita, yiwuwar ce ta a samu ruwan da ya kai a auna, wato kusan rubu'in milimita, a daidai inda kake, cikin lokacin da aka ambata. In aka tara ranaku 10 da aka ce maka kashi 30, ya kamata ka jiƙe a kusan 3 daga ciki. Ba ta ce komai kan yawan ruwan ko tsawon lokacinsa ba.

Kuma ga yadda ake samo irin wannan lambar, don zai yi wa Ɗan Koyo amfani. Tun 1963 Edward Lorenz ya nuna cewa ɗan ƙaramin bambanci a farkon lissafin yanayi yakan girma ya sauya ƙarshen gaba ɗaya. Shi ya sa ba sau ɗaya ake kunna injin ba. ECMWF tana kunna shi sau 51, ana ɗan taɓa farkon kowanne, ta Amurka kuma sau 31. In mafi yawansu sun kawo ruwa, a ce yiwuwar ta yi yawa. In sun watse kowa da bakinsa, a san cewa ba a sani ba. Ni ba na ƙin AR, Anti. Abin da nake cewa, a zana wannan watsewar, kada a ɓoye ta.

Anti Zane: Wannan kuma aikina ne, kuma zai yiwu. Kada a zana gajimare mai kama da gajimare kwata-kwata. A zana yanki a bakin sama, kamar an shafa launi da soso, mai faɗi in ba a da tabbas, mai matsewa in an matso. Launin ma ya zama wanda sama ba ta yin irinsa, don kada kowa ya ɗauka hoto ne. A sa rubutu gajere a kai: mai yiwuwa tsakanin ƙarfe 4 da 6. In injinan sun saɓa da juna, yankin ya dusashe. Kuma faɗin yankin zai haɗiye kuskuren kamfas ɗin da Injiniya ya ambata, jifa ɗaya tsuntsu biyu.

Ɗan Koyo: Amma Anti, gajimaren nan shi ne kyan abin fa. Sati biyar na yi ina koyon yadda ake yi masa kauri, haske ya ratsa shi. Duk wanda na nuna wa sai ya ce kai.

Injiniya: Kuma shi ne ke dafa maka wayar. Irin wannan gajimaren, kowane ɗigo na allo sai an harba masa layi ya ratsa cikin hayaƙin ana aunawa taki-taki, sau 30 ko 60 a daƙiƙa. Ga kyamara a kunne, ga GPS, ga allo ya ƙure haske saboda rana, ga ita kanta ranar tana dukan wayar. Da ta yi zafi za ta rage gudun kanta don kada ta lalace, sai zanen ya fara tsalle. Shawarar Anti ta fi sauƙi ga batir nesa ba kusa ba. Ajiye gajimarenka ka yi wasan bidiyo da shi wata rana.

Wani abu kuma da na gani a maganarka ya tuna min da kunyar da na taɓa sha. Ka ce kana sa hadarin ya taho daga inda iska ke kaɗawa. Shekarun baya na yi wa wasu mutane shafin da ke nuna kibiyoyin iska a taswira. Aiki ya yi kyau, na miƙa, aka yaba. Bayan kwana biyu wani dattijo da ya yi aikin jirgin ruwa ya kira ni, ya ce yaro, kibiyoyinka duka baya suke tafiya. Ashe a wajen masana yanayi, in an ce iska digiri 90, ana nufin daga gabas ta fito, ba gabas ta nufa ba. Ni kuwa na nuna kan kibiyar gabas. Digiri 180 cif na kuskure, a kowane wuri, kwana biyu, ba wanda ya lura sai shi. Ka duba naka yau ɗin nan.

Ɗan Koyo: Na duba. Ba zan ce komai ba.

Mai Tsokana: Allah ya jiƙan kibiya.

Malama Taswira: Ko ka gyara kibiyar da sauran magana. Wace iskar ka ɗauka? Na tabbata ta mita 10 daga ƙasa ce, don ita ke fara fitowa a jerin. Hadari ba da ita yake tafiya ba. Jikinsa ya miƙe sama kilomita 10 zuwa 15, iskar da ke tsakiyar sama ce ke jan sa. Ka nemi ta matakin matsin iska 700 da 500 a ma'aunin hPa, kusan kilomita 3 da kilomita 5 da rabi ke nan daga ƙasa. Sau da yawa iskar da kake ji a fuska tana shiga cikin hadarin ne, tana ciyar da shi, shi kuma yana nufo ka ta wata fuskar. Wannan sanyayyar iskar da Kawu ya ambata kuma ita ce wadda ruwan ya turo ƙasa ta bazu a gabansa, shi ya sa in ka ji ta lokaci ya ƙure.

Kawu: To kin ga dai hancina bai yi ƙarya ba.

Malama Taswira: Bai yi ba, Kawu, makara kawai yake yi.

Wani Ɗalibi: Tambaya, don Allah. Me zai hana a yi amfani da ma'aunin matsin iska da ke cikin wayoyin? Na ji in ya sauka ruwa na tafe.

Injiniya: Ba duka wayoyi ke da shi ba, kuma matsin iska yana raguwa da kusan hPa ɗaya duk mita 8 da ka hau. Ka hau bene hawa uku, manhajarka ta yi shelar guguwa. Bar wannan tukuna.

Ɗan Koyo: To yanzu in injinan ba su san inda hadarin yake ba, ta ina zan san wajen da zan shafa launin? Ko aikin ya mutu ke nan?

Malama Taswira: Bai mutu ba, raba shi biyu za ka yi. Abin da ya wuce awa biyu ko uku, na injinan hasashe ne, kuma wannan ba shi da wajen zama a sama, ka rubuta shi a ƙasan allo kamar kowa. Ka tuna ma GFS sau 4 yake fita a yini, ƙarfe 0, 6, 12 da 18 agogon GMT, kuma sai bayan awanni sakamakon ke isowa, don haka abin da ke hannunka kullum ya riga ya ɗan tsufa a hanya.

Abin da ya cancanci a ɗora a kan kyamara shi ne hadarin da ya riga ya wanzu, wanda aka gani da na'ura, yana can bayan gine-gine ko bayan hazo inda idonka bai kai ba. Inda akwai rada, ita ce sarauniya, tana ganin ruwan kansa duk 'yan mintoci. Amma wurare da yawa a duniya ba su da ita, ko ba a sakin bayananta. Can sai tauraron ɗan'adam, irin waɗanda ke tsaye a kan wuri ɗaya a nisan kusan kilomita 36,000: Meteosat, GOES, Himawari. Sababbinsu suna ɗaukar hoton duk fuskar duniyar da suke kallo kowane minti 10. Hoton da zai yi maka aiki shi ne mai auna zafin saman gajimare, don yana yi dare da rana. Sama tana ƙara sanyi kusan digiri 6 da rabi duk kilomita, saboda haka gajimaren da kansa ya kai digiri 60 ƙasa da sifili ka san ya yi tsawo ƙwarai, kuma irinsa ne ke zuwa da tsawa. Ka ɗauki hotuna uku ko huɗu na baya-bayan nan, ka auna inda curin hadarin ya matsa, ka miƙa layin gaba. Akwai pySTEPS, kayan aiki na Python da aka rubuta don irin wannan. Yakan yi kyau na awa ɗaya zuwa biyu. Rauninsa, ba ya ganin hadarin da za a haifa a kanka nan da minti 40, wanda ke tafiya kawai yake bi. Wannan ma sai ka faɗa wa mai amfani da ita.

Injiniya: In ƙara da lissafin ɗorawar. Kana da nisa da tsawo, kusurwa kake nema. Hadari a kilomita 100 mai kai kilomita 12, ka cire kusan mita 800 da lanƙwasar duniya ta cinye, zai tsaya maka digiri 6 da ɗoriya daga bakin sama. Faɗin yatsu uku ko huɗu ke nan in ka miƙa hannu. Ka ga ashe ba sama mutum zai ɗaga wayar ba, gaba zai miƙa ta yana juyawa. Kuma duk wannan tatsar hotunan a saba, wato babbar kwamfutar da ke aika wa wayar bayanai, za ka yi ta, ba a waya ba. Fayilolin GRIB2, waɗanda bayanan yanayi ke zuwa a cikinsu, manya ne, ka yanko yankin da ake buƙata, ka aika wa wayar 'yan lambobi: fuska, nisa, faɗi, gudu, lokacin da aka gani. Wajen karɓar wurin mutum kuma kada ka kwashi daidai ƙofar ɗakinsa, ka dunƙule lambar zuwa kashi ɗaya cikin goma na digiri, kusan kilomita 11, ya ishi hasashe. Hoton kyamara kuwa kada ya bar wayar ko da wasa.

Hajiya Babba: Ni ban iya ko ɗaya cikin abin da kuke faɗa ba, amma ina da jikoki. Ɗana, ka yi tunanin yaron da zai ji rugugin tsawa, maimakon ya shige ɗaki sai ya haye saman bene ya miƙa waya yana neman hadarinka?

Ɗan Koyo: Wallahi Hajiya ban kawo wannan a raina ba.

Malama Taswira: Hajiya ta faɗi abin da ya fi duk namu. Aradu tana iya faɗawa kilomita 15 daga inda ruwan yake, a wurin da rana ke haskawa. Ƙara tana cin kilomita ɗaya a daƙiƙa 3, saboda haka in tsakanin walƙiya da tsawa bai kai daƙiƙa 30 ba, abin yana cikin kilomita 10 da kai. Ƙa'idar da aka sani, in ka ji tsawa ka shiga gini, ka jira minti 30 bayan ta ƙarshe. Ka sa iyaka a manhajar: da hadarin ya shigo wani nisa, kyamara ta rufe kanta, allo ya ce shiga ciki. Gargaɗin hukuma kuma kada ka ƙirƙiri naka, ka ɗauko na hukumar yanayin ƙasar da mutum yake, da yawansu suna fitarwa a tsarin CAP, tsarin bai ɗaya na aika gargaɗi, ka nuna shi yadda yake da sunan mai shi.

Mai Tsokana: Manhajar kallon hadari da ke rufewa in hadari ya zo. A ba ni lambar asusun in zuba jari.

Anti Zane: Yi dariyarka. Ni wani wuri nake hango inda ARCore ɗin da Injiniya ya ce a ajiye zai dawo. A 2018, lokacin guguwar Florence, tashar The Weather Channel ta tsayar da mai gabatarwa a ɗakin shiri, aka zana ruwan ambaliya yana hawa kewaye da ita har ya haura kanta, motoci na yawo a ciki. Mutane sun ji wannan a jikinsu fiye da duk lambar da aka taɓa karanta musu. A waya ma zai yiwu, kuma nan kyamara na da abin kamawa, ga ƙasa ga bango. Ka nuna wa mutum santimita 30 na ruwa a jikin tayar motarsa.

Malama Taswira: Da sharaɗi. Ya zama ma'auni ne na koyarwa, ba hasashe ba. Ya nuna cewa santimita 15 na ruwa mai gudu na iya kayar da babba, 30 na iya ɗaga ƙaramar mota, wannan an sani. Amma kada ya ce ruwa zai kai nan a layinku gobe. Taswirar tudu da kwari ta kyauta, irin SRTM, gidanta mita 30 ne, kuskurenta a tsaye kuma mitoci ne, ba ta san kwalbatin da ya toshe ba.

Kawu: To yanzu kun rage wa yaro gajimare, kun rage masa awa uku, kun rufe masa kyamara. Me ya saura?

Anti Zane: Abin da hancinka ba ya yi, Kawu: awa ɗaya kafin ƙamshin ƙasa, da yatsa mai nuna wajen.

Ɗan Koyo: Salam, na dawo bayan kwana tara. Na cire ARCore daga ɓangaren sama, na cire gajimaren, raina bai so ba amma na cire. Yanzu launin shunayya ne a bakin sama da rubutu a kai, da lokacin da aka ɗauki hoton tauraron. Na riƙe ta minti 20 ba ta yi zafin da ba. Shekaranjiya ta nuna curi a kilomita 70, ta ce tsakanin awa ɗaya da rabi zuwa biyu, ya iso cikin awa ɗaya da minti 50, kyamarar ma ta rufe kanta yadda Hajiya ta sa aka yi. Jiya kuma ruwa ya sauka a kaina ba ta ce uffan ba, a nan ya haihu, kamar yadda Malama ta faɗa. Na ƙara layi a ƙasa mai cewa ba ta ganin irin wannan. Abu ɗaya ya rage. Launin yana kaucewa hagu da kusan digiri 20 daga inda hadarin yake a ido. Na saka tazarar arewar, na juya wayar a iska kamar lamba 8, na fita fili inda ba ƙarfe ba mota, duk a banza. A wayar ƙanwata kuma daidai yake zama.

Injiniya: Rigar da ka sa wa wayar, mai murfin nan ce da ke mannewa da kanta in ka rufe?

Ɗan Koyo: Ita ce, Yaya. Me ya faru?

Injiniya: Me kake jin yake manne ta?

Ɗan Koyo: Na cire. Ya dawo daidai. Don Allah kada kowa ya gaya wa Mai Tsokana.